Tambaya da Amsa: Shiga Kogo Kyauta Ne, Ganimar Ce Ta Kuɗi

Makon nan 'yan gem ne suka cika mini akwatin saƙo. Kusan duk wanda ya rubuto yana cikin wani rami a ƙarƙashin ƙasa yana sarar dodanni, kuma ni yake so in miƙa masa igiya. Masu tambaya a kan WhatsApp da ya ƙi buɗewa ku yi haƙuri sai mako mai zuwa. Kafin nan ku kashe wayar ku sake kunnawa, rabinku ba za su sake rubutowa ba.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Wayata tana ɗaukar zafi kamar dutsen guga duk lokacin da na shiga wasan yaƙi da dodanni, har ta fara sarƙewa. Ko cutar kwamfuta ce ta shige ta? — Wani ɗalibi

Amsa: Wa'alaikumus salam. Babu wata cuta, kai ne cutar. Na san a caji kake bugawa, wayar tana cikin rigarta ta roba, kai kuma kana kwance ka jingina ta da filo. Zare cajar, tuɓe mata rigar, ka shiga saitin wasan ka sauke ingancin hoto, ka mayar da gudunsa daga hoto 60 zuwa 30 a daƙiƙa. Sarƙewar da kake gani, wayar ce da kanta take rage wa injinta gudu don kada ta lalace, wato ta fi mai ita tausayin kanta. Kada kuma ka kuskura ka sa ta a firji.

Tambaya: Malam, ni dattijo ne, ba ruwana da wasa a waya. Amma ina da ƙani, magidanci da 'ya'yansa, da yake raba dare yana abin da ya kira shiga kogo. Na leƙa ban ga komai ba sai wani ɗan mutum-mutumi yana yawo cikin duhu yana dukan ƙwarangwal. Ina daɗin abin yake?

Amsa: Ranka ya daɗe, abin da ka gani shi ne duka, ba a ɓoye maka komai ba. Ka shiga rami, ka kashe abin da ke ciki, ka kwashi ganima, ka ƙara ƙarfi da ita, ka gangara ramin gaba inda dodannin suka fi na baya taurin kai. Haka ake yi aƙalla tun 1980, lokacin da wasu ɗaliban jami'a a Kalifoniya, Michael Toy da Glenn Wichman, suka ƙirƙiro wasan Rogue. A wasan nan ko hoto babu. Jarumin alamar @ ce, dodanni kuwa haruffa ne, amma mutane sun hana idonsu barci a kansa kamar yadda ƙaninka yake yi yau. Dabarar da wasan ya yi suna da ita ita ce kwamfuta ta riƙa zana sabon kogo duk shigar da aka yi, har su da suka rubuta wasan ba su san abin da ke bayan ƙofa ba. Daga baya Diablo na kamfanin Blizzard ya zo da hawa 16 a ƙarƙashin wani tsohon coci, ya sa wa abin hoto da sauti, ya kuma ba mutane damar shiga kogo ɗaya tare ta intanet. Na yau duk jikokinsu ne.

Daɗin yana bayan ƙofar nan da ba a buɗe ba. Wataƙila babu komai, wataƙila dodon da zai gama da kai ne, wataƙila kuma takobin da ka yi sati biyu kana nema ne. Ga shi aiki ne da ladansa ba ya kwana. A rayuwa mutum sai ya shekara yana fama bai ga ya matsa ko taku ɗaya ba, a kogo kuwa minti goma sun isa ka ga matakinka ya tashi daga 40 zuwa 41, da walƙiya da ƙararrawa kamar an yi maka naɗi. Wanda ya wuni ana ba shi umarni ba zai raina wannan ba.

Sannan akwai jama'a. Mutum huɗu ko biyar ne suke shiga tare, ɗaya ya tsaya a gaba da garkuwa yana shan duka, ɗaya yana baya yana yi wa 'yan'uwa magani, sauran suna ɓarin wuta. In mai maganin ya yi gyangyaɗi kowa ya mutu. Don haka in ƙaninka ya ce ana jiransa, ba ƙarya yake yi ba. Kuma tunda shiga kyauta ce, babu abokin da za a bari a baya don ba shi da kuɗin sayen wasan. Wannan kam alheri ne, ba zan ɓoye ba. Sai dai ka sa ƙanin naka ya karanta amsar da ke biye, da ƙarfi, kana zaune.

Tambaya: Malam, wata bakwai ke nan ina buga wani wasan kogo na kyauta a waya. Akwai wani lu'ulu'u da nake nema don takobina, a akwatin sa'a kawai ake samunsa. Sun rubuta cewa damar fitowarsa ɗaya ce cikin ɗari. Na sayi akwati 90 bai fito ba, ke nan saura goma ya fito. Matsalata ita ce katin bankina ya daina wucewa. Yaya zan gyara katin?

Amsa: Ba zan gyara maka katin ba, ɗan'uwa. A duk labarin nan naka katin ne kaɗai ya yi hankali.

Mu fara da lissafin, domin shi ne ya fi ɓata mini rai. Ɗaya cikin ɗari ba ta nufin an jera akwatuna ɗari an sa lu'ulu'u a ɗaya, kai kuma kana ta cirewa har ka iso kansa. Kowane akwati sabon jefa ƙuri'a ne. Akwati na 91 bai san ka buɗe 90 kafinsa ba, bai san sunanka ba, ba ya jin kunyarka. Damarsa ɗaya ce cikin ɗari, daidai da ta wanda ya sauke wasan yau da safe. Ɗauki kalkuleta ka ninka 0.99 da kanta sau ɗari, za ka samu kusan 0.37. Ma'anarsa, in mutum ɗari kowannensu ya buɗe akwati ɗari, wajen 37 za su tashi a tutar babu. In kowa ya buɗe 200, wajen 13 har yanzu ba su samu ba. Ko a 300, akwai mutum biyar da ke tsaye suna cewa saura kaɗan. Babu wani "saura goma". Wasu wasannin sukan yi alƙawarin cewa in ka kai adadi kaza ba ka dace ba za a ba ka dole. In naka yana da wannan zai rubuta a fili, kuma ko da yana da shi, ka ninka adadin da kuɗin akwati ɗaya, wannan shi ne ainihin farashin lu'ulu'un. Da sun rubuta shi haka a gaban shagon, da ka yi dariya ka wuce.

Shi ya sa ba sa rubutawa. Ka taɓa lura ba ka taɓa sayen komai da kuɗi kai tsaye ba? Kuɗinka kake bayarwa a ba ka tsabar zinare ta wasa, da zinaren ka sayi mabuɗi, da mabuɗin ka buɗe akwati, akwatin ya ba ka ɓaraguzan dutse, ɓaraguzai ashirin su zama dutse guda. Kafin ka tsallake matakala huɗun nan ƙwaƙwalwarka ta daina ganin kuɗi, launuka kawai take gani. Kuma ba a banza ba ne abin da kake so yake 1,000 alhali zinaren ƙunshin 600 da na 1,500 ake sayarwa. Ka sayi babban, ragowar 500 ta zauna tana kallonka, ba ta isa komai ba, kuma zuciya ba ta son asara. Sai ka ƙara kaɗan don kada ta tafi a banza. Ruwa ba ya tsami banza. Akwai mutanen da albashinsu ke nan, su zauna su auna inda za a ajiye kowace lamba.

Abin da ke riƙe ka ma an daɗe da saninsa. A tsakiyar ƙarni na 20 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, B. F. Skinner, ya yi ta gwaji da tantabaru da ɓeraye a cikin akwati. In tsuntsu ya san duk sara goma zai samu ƙwayar hatsi, yakan ci ya ɗan huta, in kuma aka daina ba shi ba ya daɗewa yake haƙura. Amma in aka sa hatsin yana fitowa ba tare da tsari ba, wani lokacin a sara na uku wani lokacin a na hamsin, sai ya yi ta sara ba ji ba gani, kuma ko an yanke hatsin gaba ɗaya ya fi daɗewa yana sara. A kan wannan aka gina injin caca. Abin takaicin shi ne, irin wannan rashin tabbas ɗin ne na yaba a amsar da ta gabata. Ƙofar da ba ka san abin da ke bayanta ba ita ce zuciyar wasan kogo tun asalinsa. Bambancin kawai, a da da lokacinka da dabararka kake buɗe ta, yanzu an kafa mata mai karɓar kuɗi.

Kuma na san yadda ka iso nan ko ba ka faɗa ba. Satin farko komai zuba yake, ganima kamar ruwan sama, kullum ƙarin mataki. Sai aka yi maka tayin wani ɗan ƙunshi mai arha ƙwarai, na sababbin shiga kawai, da agogo a kansa yana ƙirga awannin da suka rage. Ba ribar ƙunshin suke nema ba, katinka suke so ya shiga tsarin, domin sayen farko ne mai wuya. Bayan wasu makonni sai ka ci karo da bango: dodon da ba ya mutuwa, ko ƙarfin kuzari da ke ƙarewa bayan shiga biyar a ce ka jira sai gobe, sai dai in za ka biya. Wato su suka haƙa ramin, su kuma suke sayar da tsani. Ga kyautar shiga kullum da za ta tsinke in ka yi fashin rana ɗaya, ga 'yan ƙungiyarku da ke tambaya me ya sa ƙarfinka bai ƙaru ba, ga jerin gwanaye da sunanka ke zamewa ƙasa kana barci. Daga nan ba wasa kake yi ba, aiki kake zuwa, kuma kai ke biyan albashin.

Masu harkar sun san yawancin jama'a ba za su taɓa biyan ko sisi ba. Daga 'yan ƙalilan suke samun mafi yawan kuɗinsu, har sunan dabbar nan mafi girma a teku suke kiransu da shi a tsakaninsu. To me ya sa ake barin sauran su shiga kyauta? Domin wanda ya zuba dukiya a takobi yana bukatar waɗanda zai sara da shi, da waɗanda za su tsaya su yi kallo. Mai shiga kyauta ba baƙo ba ne a gidan, yana cikin kayan da ake sayarwa.

Kada ka ce ni ne mai tsanani. A 2012 hukumar kare masu saye ta Japan ta haramta wani salon akwatin sa'a da sai ka tara cikakken jerin kaya kafin a ba ka babban. Ƙasar Sin ta wajabta wa kamfanoni bayyana damar fitowar kowane kaya tun 2017. Apple ya sa irin wannan sharaɗin a shagonsa a ƙarshen shekarar, Google ya biyo baya a 2019. Da ba don haka ba, ko "ɗaya cikin ɗari" ɗin da kake dogaro da ita da ba ka gan ta ba. A 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta yanke cewa akwatunan sa'a na kuɗi da ta bincika caca ne a dokarta. Shi ya sa da Diablo Immortal ya fito a watan Yunin 2022, wanda Blizzard da NetEase suka haɗu suka yi, ba a sake shi a Beljiyam da Holan ba. Wasan nan ya sha suka sosai a kan yadda duwatsunsa mafiya ƙarfi suke da wuyar samu in ba ta hanyar biya ba, kuma duk da sukar ya tara kuɗi masu yawan gaske. In gwamnatoci suna kiran abu caca, kai kuma kana kiransa "sa'ata ce ba ta zo ba", ɗayanku ya yi kuskure. Hukuncinsa a addini kuwa ga malamai nan, ka je ka faɗa musu yadda ka faɗa mini, kada ka rage komai.

Ba kowane na kyauta ne haka ba, kuma masu yin wasa ba iska suke ci ba. Sabar, wato kwamfutocin kamfani da wasan yake gudana a kansu, da ma'aikata duk kuɗi ne. Path of Exile, na kamfanin Grinding Gear Games da ke Niyu Zilan, tun 2013 yake kyauta a kwamfuta, kuma ba ya sayar da ƙarfi. Ado yake sayarwa, riguna da fukafukai da walƙiya, sai kuma ƙarin wurin ajiyar ganima. Ko shi ban wanke shi tas ba, domin ɗakunan ajiya huɗun da yake bayarwa kyauta sukan cika da wuri, kuma wanda ya yi nisa a wasan da wuya ya kauce wa saye. Amma ka san abin da kake saye, ka san nawa ne, ka biya sau ɗaya an gama. Tambayar da nake yi wa kowane wasa ke nan kafin in ba shi dare ɗaya: me yake sayarwa? In ado ne, bismillah. In ƙarfi ne, ina ja da baya. In damar samun ƙarfi ce, wato wataƙila, to na goge shi kafin ya gama sauka.

Ba daga sama nake magana ba. Ni ma akwai wani wasa, ba sai na faɗi sunansa ba, da na taɓa saita ƙararrawar waya da tsakar dare don in tashi in kwashi kyauta kafin ta wuce. Ranar da na ga kaina zaune a bakin gado da ƙarfe uku ina danna "karɓa" a kan wasu ɓaraguzan dutse, ranar na cire shi.

Ga abin da za ka yi. Ka cire katin daga Google Play ko App Store gaba ɗaya, ba wai ka gyara shi ba. Ka buɗe tarihin sayayyarka ka tara jimillar wata bakwan nan a takarda, da biro, ka raba da abin da kake samu a rana, ka ga kwana nawa ka yi wa takobi bauta. Kuɗin akwati 90 sun tafi, ko ka ci gaba ko ka tsaya ba za su dawo ba. Na akwati goma masu zuwa ne kawai har yanzu naka. In hannunka yana ƙaiƙayin shiga kogo, sauke Shattered Pixel Dungeon. Masu karatun wannan fili sun gaji da jin sunansa a bakina, su ƙara haƙuri. Evan Debenham ne yake gina shi tun 2014, kyauta ne a Android, babu talla, babu akwatin sa'a, ba ya bukatar intanet, kuma tsohuwar waya ma tana ɗaukarsa. Hawa 25 ne da babban dodo a kowane hawa na biyar. Zai kashe ka sau hamsin kafin ka ga ƙarshensa, kuma ko sau ɗaya ba zai ce ka biya a tashe ka ba.

Tambaya: Datata 4G ce mai ƙarfi, bidiyo ba ya tsayawa, amma a wasa sai in danna sara jarumina ya tsaya yana kallon dodo har a kashe shi. Me ya sa?

Amsa: Faɗin hanya daban, nisanta daban. Bidiyo yana tara 'yan daƙiƙoƙi a gaba kafin ya nuna maka, wasa kuwa sai saƙonka ya je sabar ya dawo kafin takobin ya sauka. Saƙo a wayar faiba yana cin kusan kilomita 200 a milisakan ɗaya, ke nan sabar da ke nisan kilomita 5,000 ba za ta amsa maka a ƙasa da milisakan 50 ba ko da hanyar miƙaƙƙiya ce, kuma ba miƙaƙƙiya ba ce. Zaɓi sabar da ta fi kusa da kai, ba wadda abokinka yake ba. Kashe VPN. Dakatar da abin da ke sauka a bayan fage. In Path of Exile ne, sauya tsarin sadarwarsa zuwa wanda ke hasashen motsinka maimakon jiran sabar. In duk ka yi bai gyaru ba, ka zaɓi jarumi mai harbi daga nesa, ka daina zargin dodo.

Tambaya: Malam, ɗana ɗan shekara goma sha ɗaya ya yi ta sayen kaya a wasa da wayata ban sani ba, sai saƙon banki na gani. Kuma yanzu in na karɓe wayar sai ya yi ta kuka. Ya kamu ne? — Uwar yara uku

Amsa: Hajiya, ki fara da kuɗin tun da zafinsu. Shiga tarihin sayayya a Google Play ki nemi a mayar miki, kina bayyana cewa yaro ne ya saya ba da izini ba. Cikin awa 48 na farko an fi dacewa. In iPhone ce, Apple ma yana da shafin neman mayar da kuɗi. Ba dole su amince ba, amma kada ki ji nauyin nema. A Disambar 2022 kamfanin Epic Games, mai Fortnite, ya amince ya biya dala miliyan 245 don a mayar wa mutane, bayan hukumar kasuwanci ta Amurka ta zarge shi da tsara maɓallan da ke sa a yi saye ba da niyya ba, har da yara. Ke nan ba yaronki ne ya fara ba.

Daga nan ki sa wayar ta riƙa neman kalmar sirri ko zanen yatsa a kowane saye, kuma ba yatsansa ba. In yana da tasa wayar, ki yi amfani da tsarin sa ido na iyaye, Family Link a Android ko Screen Time a iPhone. Batun kamuwa kuwa, kada mu yi saurin sa wa yaro suna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa larurar wasan gem a kundinta na cututtuka a 2019, amma abin da take nufi shi ne wanda ya kasa riƙe kansa, wasa ya ture masa karatu da barci da mu'amala, ya ga illar ya ci gaba, kuma yawanci har tsawon wata goma sha biyu. Kukan minti goma ba ya cikin wannan. Dabara ɗaya: kada ki fizge wayar yana tsakiyar kogo da abokai, ki ce masa in ya fito daga wannan shi ke nan. Rabin kukan na kunyar barin 'yan'uwa a gaban dodo ne.

Tambaya: Na ga wani shafi da ke ba da wasan da aka yi wa kwaskwarima, zinare ba iyaka. Sai dai yana neman in shiga da asusuna na Google. In shiga?

Amsa: Shiga mana, ka haɗa musu da lambar sirrin katinka don kada su wahala. Zinaren wasan intanet a sabar kamfani yake, ba a wayarka ba. Babu manhajar da za ta ƙara shi. In ka yi sa'a a rufe maka asusun wasan, in ba ka yi ba a tafi da na Google.

Tambaya: Shekara biyu ina gina jarumina, na kashe kuɗi ba kaɗan ba. Yanzu kamfanin ya sanar zai rufe wasan. Zan iya sauke jarumin in ajiye?

Amsa: Za ka iya ɗaukar hotonsa. Yarjejeniyar nan mai tsawo da ka danna "na amince" ba ka karanta ba, a irin waɗannan wasannin kusan kullum cewa take yi izinin amfani aka ba ka, ba mallaka ba. Ranar da aka kashe sabar, takobi da doki da fukafukai duk sun bi ta. Marvel Heroes wasan ganima ne na kyauta da David Brevik, ɗaya daga waɗanda suka ƙirƙiro Diablo, ya jagoranta. A Nuwamban 2017 aka kashe shi, tun kafin ranar da aka sanar ma ta zo, da duk abin da mutane suka saya a ciki. Wannan ita ce illar da ba a faɗa a talla: Rogue na 1980 yana nan ana bugawa, na intanet kuwa ransa a hannun akawun kamfani yake. In sayenka na kwanan nan ne, nemi a mayar maka ta shagon da ka biya. Sannan ka karɓi lambobin abokan da ka yi a ciki tun kafin a kashe fitila.

Tambaya: Tsohuwar laftof gare ni, ba ta da katin hoto. Akwai wasan kogo na intanet da za ta iya ɗauka?

Amsa: Dungeon Crawl Stone Soup. 'Yan sa-kai ne suke gina shi tun 2006, a burauza ake bugawa, babu shagon kuɗin gaske a ciki ko na ado, kuma za ka iya zama ka kalli yadda gwanaye suke wasa kai tsaye. Bi da bi ake motsi, dodo ba ya taɓa ka sai ka taka, saboda haka jan ƙafar intanet ba ya kashe kowa. Koyi madannan kibod, ka ajiye linzamin.

Tambaya: Malam, na bi shawararka ta kwanaki na sauke Shattered Pixel Dungeon. Na kai hawa na tara, na sha wata kwalba da na tsinta, wuta ta kama ni na mutu. Yanzu wasan ya ce in fara daga farko. Ina ake dawo da jarumin?

Amsa: Ba a dawo da shi, sai haƙuri. Fara sabo. Kuma in za ka ɗanɗana kwalbar da ba ka san abin da ke cikinta ba, ka tsaya kusa da ruwa, ba a tsakiyar ciyawa ba.